Kwalba ta Goma Sha Uku

Litinin, 8 ga Yuli, 1974. Ƙarfe bakwai na safe, Kusasu.

Na zagaya gonar Mama tun raɓa ba ta bushe ba. Dawar ta kai gwiwa. Ganyen ƙasa sun fara yin fari-fari, amma dawa takan yi haka in ruwa ya yi yawa, kuma makon jiya kwana uku aka jera ana ruwa. Na rubuta haka a littafin aiki, ga shi na sake rubutawa a nan: ruwa ne ya yi yawa.

Wannan littafin ba na aiki ba ne. Na sayo shi a Zariya ne don in sami abokin hira, tunda a gidan nan duk wanda na fara yi wa bayanin aikina sai ya ce "Allah ya taimaka" ya miƙe. Bari in yi wa takarda, ita ba ta da ƙafa.

In ka tuge gyaɗa za ka ga ƙuraje a jikin saiwarta, in ka fasa ɗaya ka ga cikinsa jaja-jaja. A cikin ƙurjin nan akwai wani ɗan ma'aikaci da ido ba ya gani, mu a jami'a inzayim muke ce masa. Aikinsa shi ne ya kamo naitirojin daga iskar da kowa ke shaƙa ya mai da shi taki. Shi ya sa gonar da aka yi gyaɗa bara take yi wa dawa kyau bana. An gano a tsakiyar ɗan ma'aikacin nan akwai ƙarfe da farar wuta da wani sinadari mai suna molibdenum. Ni kuma shekara biyu na yi ina harhaɗa waɗannan ukun har na sami wani baƙin gari. In zuba shi a kwalbar ruwa, in sa waya biyu daga batirin babur, in hura iska da famfon keke, in ajiye a rana. In ya yi aiki, ruwan zai ɗauki amoniya, wato taki, ba saniya ba gyaɗa. Yadda ake ganewa kuwa, ka ɗiga maganin gwaji, in akwai amoniya sai ruwan ya koma ruwan ɗorawa.

A Zariya bai taɓa komawa ba. Sai da na zo gida hutun Kirsimeti na jera kwalaben a kan rufin turken awaki, inda rana ke wuni, sannan ya koma. Ranar har rawa na yi a tsakar gida, ni Andrawus mai digiri, awaki suna kallona.

Laraba, 10 ga Yuli. Azahar.

Kwalba goma sha biyu, duka sun ba da launi. Na juye a garwa, na ƙara ruwa, na bi kunya-kunya na zuba. Mama ta taya ni ɗaukar garwa ɗaya a kafaɗarta, don ita har yau irin ta mutanenmu take yi, ba ta ɗora kaya a kai. Tun ina yaro take cewa kai na tunani ne, kafaɗa ce ta kaya.

Na ce, "Mama, kin ga launin yau?"

Ta ce, "Na gani, Auta."

Jumma'a, 12 ga Yuli. La'asar.

Mainasara maƙwabcinmu na gona ya tsaya a bakin iyaka, fartanya a kafaɗa, ya ce, "Dakta, ina gajiya? Dawar taka azumi take yi ne?" Ya yi dariyar nan tasa mai kama da tarin tsoho. Na ce masa irin Mama daban ne da nasa. Ya ce, "Ikon Allah! Ai a rumbuna ta ɗebi irin nan."

Ban kalli gonarsa ba. Na dai gan ta, don a hanya take. Kore shar, har baƙi-baƙi take yi.

Asabar, 13 ga Yuli. Hantsi.

Gara in rubuta maganar Gambo sau ɗaya in huta.

Tun Baba yana da rai, kowane rani Gambo Bafulatani yakan sauka da shanunsa a gonarmu. Su ci kara, su kwana a nan wata biyu, su bar mana taki, Mama ta sallame shi da dami biyu na dawa. Shekara ashirin ana haka, ba takarda ba shaida. Bara aka yi fari, rumbu bai cika ba. Da Gambo ya zo gaisuwa bayan Kirsimeti, ni ina cikin zafin launin kwalba, sai na ce wa Mama ta riƙe daminta, bana ni zan ba gonar taki. Ta dube ni, ta ce, "Ka tabbata, Auta?" Na ce na tabbata.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na juya na ce wa Gambo, dattijon da ya taɓa ɗora ni a bayan bijimi ina ɗan shekara biyar, wai zamanin kashin shanu ya kusa wucewa. Da dariya na faɗa. Shi ma ya yi murmushi, ya ce, "To, Allah ya nuna mana," ya kora shanunsa gonar Mainasara. Da ruwa ya sauka ya shige daji.

Na rubuta. Ban huta ba.

Lahadi, 14 ga Yuli. Bayan sujada.

Albishir! Kunyoyin da ke bayan itacen ɗorawa, can ƙarshen gona, kore suke shar. Na ƙirga, bakwai. Daga wajen nan na fara zuba ruwan kwalba a watan jiya, ke nan su suka fi samu. Sauran ma za su biyo baya, lokaci kawai suke so. Na dawo gida da gudu na faɗa wa Mama. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, "Madalla."

Na ci tuwo malmala biyu yau.

Talata, 16 ga Yuli. Ƙarfe biyu na rana.

Na je Birnin Gwari cajin batir, na tarar da wasiƙar Malamina na jami'a a gidan waya. Sakin layi na farko yabo ne. Ya ce in abin da na rubuto masa ya tabbata, manyan masana a ƙasashen waje sun shekara goma suna nema ba su samu ba.

Sakin layi na biyu tambaya ɗaya ce. Na ninke wasiƙar na sa a cikin Littafi Mai Tsarki, wajen Ayuba, inda ba na yawan buɗewa.

Laraba, 17 ga Yuli. Safe.

Ruwa ne ya yi yawa.

Alhamis, 18 ga Yuli. Safe.

Kwana takwas ba a yi ruwan kirki ba.

Asabar, 20 ga Yuli. Yamma, kafin faɗuwar rana.

Yaya Alice ta zo daga Kazage, gidan mijinta. Ko zama ba ta yi ba ta wuce gona, ta dawo ta hau tsani ta leƙa rumbu, ta daɗe kanta a ciki. Da ta sauko sai ta ja ni bayan ɗaki.

Ta ce, "Andrawus, abin da ke cikin rumbun nan in ya kai Satumba a gode wa Allah. Dawar gona kuwa na gan ta. Me tsohuwar nan za ta ci baɗi? Kwalba?"

Na fara yi mata bayanin kunyoyi bakwai. Ta ce, "Kai dai baki gare ka tun kana tsumma. Ka koma Zariya a Oktoba ka ci shinkafar makaranta, mu ka bar mu da ita." Na ce ai ba ta san kimiyya ba. Ta ce, "Ban sani ba. Amma na san dawa mai yunwa in na gan ta."

Na ji haushi ƙwarai. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Mama tana jin mu, don zana ce kawai tsakaninmu, kuma ba ta tsawata wa kowa ba. Da Alice za ta tafi ta bar ƙwarya ɗaya ta gero a bakin ƙofa. Geron mijinta. A gidan ubana.

Lahadi, 21 ga Yuli. Azahar.

Mai wa'azi bai tashi karanta ko'ina ba yau sai Ayuba. Na buɗe, wasiƙar ta faɗo a cinyata.

Ga tambayar, tunda ta ƙi barina: "Ka ajiye kwalba ɗaya a gefensu wadda ba ka sa mata garin ba, ruwa zalla, ka ga ko ita ma za ta ba da launi?"

Wannan shi ne abin da ake koya wa ɗan shekarar farko a makon farko. Kwalbar shaida. Ni da kaina na koya wa wasu. A Zariya ban taɓa tsallake ta ba. A nan kuwa kwalabe goma sha biyu gare ni, na ga asara ce in bar ɗaya ba gari. Haka na gaya wa kaina a Disamba. Gaskiyar ita ce launin ya yi mini kyau, ban so kowa ya taɓa shi.

Litinin, 22 ga Yuli. Ƙarfe bakwai na safe.

Na ari kwalbar man gyaɗar Mama, na wanke ta sau biyar. Ruwa zalla, ba gari, ba waya. Na hura mata iska da famfo kamar sauran, na ɗora ta a ƙarshen layi a kan rufin turke. Ta goma sha uku.

Mama ta share turken tas tun da sassafe, kamar yadda take yi kullum bana. Duk da haka warin fitsarin awakin nan sai da ya sa ni hawaye ina kan tsani. Bunsurun nan baƙi, in na sami dama, shi za a ci a Kirsimeti.

Litinin ɗin dai. Ƙarfe biyar na yamma.

Na ɗiga.

Talata, 23 ga Yuli. Ƙarfe biyar na yamma.

Wataƙila man gyaɗa ne ya rage a jikinta. Na sake wankewa da ruwan zafi, na sake ɗorawa, na sake ɗigawa.

Mama ta yi miyar kuka. Ban ci ba.

Laraba, 24 ga Yuli. Hantsi.

Ba zan rubuta kome ba yau.

Alhamis, 25 ga Yuli. La'asar.

Na kwashi kwalba huɗu a buhu, biyu da gari biyu ba gari, da batir da famfo, na tafi kan falalen dutsen da ke bakin daji, inda ba gida ba dabba. Rana ta wuni a kansu, ni ma ta wuni a kaina. Birai suka zo suka zauna a nesa suna kallo, wani babba a cikinsu yana sosa ciki, sai ka ce Mainasara.

Da la'asar na ɗiga wa duka huɗun. Fari tas, kamar yadda suke yi a Zariya.

To, bari in faɗa da bakina. Kwalba ta goma sha uku ta ba da launi ranar Litinin, ta ba da ranar Talata, launi ɗaya da na sauran. Garina bai taɓa yin komai ba. Fitsarin awaki ne yake tashi da zafin rana, ni kuma ina tsaye a kan tsani ina tura warinsa cikin ruwa da famfon keke. Wata bakwai ina auna fitsarin bunsuru ina rubutawa a littafi da jan biro. Ɗan abin da ke shiga kwalbar kuwa ko tukunyar barkono ba zai ciyar ba, balle gona.

A kan wannan na kori Gambo. A kan wannan uwata ta shuka dawa a gonar da ba taki, shekarar da ta biyo bayan fari.

Na zauna a kan dutsen na yi kuka, ba na jin kunyar rubutawa. Kunyar tana wani wajen.

Jumma'a, 26 ga Yuli. Safe.

Zan faɗa mata yau.

Jumma'a. Yamma.

Gobe.

Asabar, 27 ga Yuli. Azahar.

Da safe na ɗora kwalaben a rufin turke kamar kullum, don kada ta tambaya. Ina kan tsani ina buga famfo na ji ƙyamar kaina. Abu ɗaya ne kawai ya hana ni sakat: kunyoyi bakwai na bayan ɗorawa. In garina bai yi kome ba, me ya sa su kore? Na kama wannan tambayar na riƙe ta wuni guda, ina lallashin kaina ko akwai abin da ban gane ba.

Lahadi, 28 ga Yuli. La'asar.

Bayan sujada na ce mata ta raka ni gona. Muka tsaya a tsakiyar dawar, ganye duk sun yi rawaya har sama, kara siriri kamar tsinken tsintsiya. Na faɗa mata duka, da turke da famfo da kwalbar man gyaɗarta. Ban yi Turanci ko ɗaya ba. Na ce, "Mama, na cuce ki."

Ta tsinki ganye ɗaya ta murza a yatsa. Ta ce, "Zo."

Ta kai ni bayan ɗorawa, ta sunkuya ta tona gindin dawa ɗaya da hannu. Kashin awaki ne da toka, an binne a gindin kowace.

Ta ce, "Tun da aka yi shuka, abin da na share a turke da safe nan nake kawo shi, kafin ka tashi. Awaki biyar ne, abin da suka iya ke nan, kunya bakwai."

Na ce, "Ashe ba ki yarda da ni ba tun farko."

Ta ce, "Na yarda mana. Da ban yarda ba zan bar Gambo ya tafi? Amma ni ko sabon iri aka ba ni, ba na shuka shi shi kaɗai. Sai na bar 'yan kunyoyi yadda na saba, in ga wanne zai fi. In ba haka ba yaya zan gane? Ku a makarantar ba haka kuke yi ba?"

Na ce haka muke yi.

Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa mini ba ranar da na shigo da gudu ina murna. Ta ce, "Ka ci tuwo biyu ranar. Rabonka da ci tun yaushe?" Sannan ta mai da ƙasar ta rufe gindin dawar, ta danna da tafin hannu.

Matar nan ko sunanta Laraba ba ta iya rubutawa ba.

Litinin, 29 ga Yuli. Hantsi.

Na rubuta wa Malam. Layi huɗu. Na ce a janye duk abin da na aiko, na faɗi dalili, har bunsurun na ambata. Ko zai bar ni in ci gaba da aikin a Oktoba, ban sani ba. Ƙurjin gyaɗa dai yana nan yana abinsa a ƙarƙashin ƙasa ba batir ba famfo, kuma har yanzu ina so in san yadda yake yi. Amma ba wannan ne a gabana ba.

Mama ta ce dawa ba ta fid da kai ba tukuna. In ta sami taki a gindi cikin kwana goma, za a tsira da wani abu, ko rabi ne. Taki mai yawa haka wuri ɗaya yake.

Laraba, 31 ga Yuli. Yamma.

Tafiyar awa biyu ce cikin daji zuwa rugar Gambo, ka ƙetare rafi biyu. Na same shi a gindin kaɗanya yana tufkar igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na daɗe ban tashi ba. Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu. Na ce, "Baffa, maganar da na faɗa maka da rani, ƙarya ce, kuma rashin kunya ce."

Ya sa aka kawo mini nono. Sai da na shanye ya ce, "Yaya zamanin? Ya wuce ɗin?" Na ce yana nan daram. Ya yi dariya har ya ajiye igiyar.

Ya ce shanu ba sa shiga gona da shuka a tsaye, wannan ko yaro ya sani. Amma ga tsohon makwancinsu can da suka tashi daga kai watan jiya, taki ya kai idon sawu, in ina da ƙafa in kwasa. Na tambaye shi rani mai zuwa fa. Ya ce, "Wannan tsakanina da Laraba ne, ba da kai muka fara ba."

Alhamis, 1 ga Agusta. La'asar.

Mun fita da sassafe, ni da Mama da Yaya Alice, wadda ta zo ba wanda ya aika mata. Mainasara ya ba da aron jakinsa da mangala, ya kuma tsaya a bakin hanya don kada kallon ya wuce shi. "Dakta, yau kuma wane sinadari za a ɗauko?" Na ce, "Na asali." Ya ce in na dawo in ɗiga masa maganin gwajin ya gani.

A makwancin shanun muka cika mangala, muka cika kwanduna uku. Danshi ya sa shi nauyi kamar dutse. Rabona da ɗaukar kaya tun ina firamare, sai na yi yadda na ga 'yan dako suna yi a tashar Zariya, na naɗe rigata na yi gammo na ɗora kwandon a kai. Ruwan takin ya fara bin wuyana. Na ce a raina daidai ke nan, kan da ya jawo shi ya ɗauka.

Ban yi taku goma ba Mama ta ajiye nata ta sha gabana. Ta kama kwandon da hannu biyu ta sauke shi daga kaina, ta zame gammon ta ɗora a kafaɗata, ta daidaita kwandon a kai, ta kamo hannuna ta nuna mini inda ake riƙewa.

Na ce, "Mama, bar shi, kan nan ai bai tsinana kome ba."

Ta ce, "Kuskure ɗaya ya yi. Ba a gidana za a mai da shi na dako ba, akwai sauran aiki a gabansa. Wuce mu je, rana tana yi."

Sawu biyu muka yi yau, kunya goma sha ɗaya. Kafaɗata ta saluɓe, da ƙyar nake riƙe biron nan. Saura kunya tamanin da shida, saura kwana bakwai.